Tsohon bidiyo mai kaset: kada a kai wa ƴan gwangwan kafin a ceto abin da ke cikin kaset

 Kamar kullum, mun buga abin da muka tattauna a shirin wannan mako domin wanda ya wuce shi, ko yana bayan garke batir ya ƙare, ko yana tsaye a layin duwan da kaya. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa ɗan uwansa.

Saƙo biyu ne suka jawo wannan magana. Na farko daga wani makiyayi ne na wajen Dakoro. Ya ce mahaifinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa, sun buɗe adakarsa sun tarar da kaset bakwai na bidiyo, ɗaya an rubuta masa da ajami cewa taron Ingal ne. Yana so ya ga fuskar tsohonsa, amma duk yankinsu babu mai abin kunnawa. Na biyu daga wani ɗan kasuwa ne na Ƙonni. Ya ce yana da matattun bidiyo uku a sito, ƴan gwangwan sun taya a kan kilo, shin ya sallama?

Alhaji, dakata tukuna. Abin da kake shirin sayarwa a kan kilo, shi ne mabuɗin da wancan bawan Allah na Dakoro yake nema.

Daga ina ya fito, kuma me ya sa ya yi wuya?

Wannan akwati da muke ce wa bidiyo, wasunmu na nan su ce manyetoskop, asalinsa Japan. A 1975 kamfanin Sony ya fito da nasa mai suna Betamax. A 1976 kamfanin JVC ya fito da VHS, wato mai babban kaset ɗin nan da kowa ya sani. Aka yi ta takara, VHS ya ci kasuwa. Dalili, kaset ɗinsa na farko yana ɗaukar awa biyu, na Betamax awa ɗaya, kuma JVC ya bar kamfanoni da yawa su ƙera irin nasa. Shi ya sa ka ga National, ka ga Sharp, Akai, Hitachi, duk kaset ɗaya suke ci.

A ƙasar Hausa wannan akwati ya yi aiki ba kaɗan ba. A kansa finafinan Kano suka tashi, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa irin su Sangaya a 1999. Manyanmu suna tuna yadda ake ɗauko kaset kwali-kwali daga Kano, a bi ta Jibiya a shigo Maraɗi, ko ta Illela a shigo Ƙonni, ko ta Daura a nufi Damagaram. Da dare a tayar da janareta, a kafa benci, yara su biya dala-dala su shiga kallo. Daga baya faifan sidi ya ture kaset, salula kuma ta zo ta ture sidi.

Ga inda gizo yake saƙa. A 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera wannan na'ura, ya daina. Wato duk bidiyon da ke duniya yau, su ke nan, ba ƙari sai ragi. Kowane ɗaya da aka fasa da guduma don a ciri jan ƙarfe, babu mai maye gurbinsa. Kamar garke ne da babu bijimi babu haihuwa, kullum sai yanka.

Yadda yake aiki a ciki

Kafin ka taɓa abu, ka san halinsa. Zaren da ke cikin kaset leda ce siririya, faɗinta rabin inci, an shafe ta da wani gari mai kama maganaɗisu. A jikin garin nan hoto da murya suke. Kaset mai lamba E-180 awa uku yake yi, kuma zarensa ya zarce mita 250.

In ka tura kaset, wasu ƴan sanduna biyu za su jawo zaren waje su naɗa shi a jikin wani ƙarfe mai sheƙi, zagayayye kamar ƙaramin gwangwani, wanda aka ɗan karkace shi. Masu gyara suna ce masa hed, na wajenmu su ce tet. A gefensa akwai ƴan ƙananan baki guda biyu ko huɗu, su ne masu karanta hoto. Zaren yana tafiya a hankali, santimita biyu da ɗan ɗoriya a daƙiƙa, amma shi ƙarfen yana juyawa sau 1,500 a minti. Ƴan bakin nan kuwa ba su da ƙwari ko kaɗan, kuma gurbin da suke karatu da shi ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe shi. Murya kuma a yawancin tsofaffin bidiyo tana da nata kai dabam, wanda ba ya juyawa. Riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba.

Bidiyo ma yana da iyaka

Wannan sashe namu ne mu mutanen bakin iyaka. A zamanin da, talabijin ɗin ƙasashe ba harshe ɗaya suke yi ba. Nijeriya, Kamaru da Gana suna kan tsarin da ake kira PAL. Nijar, Cadi da Binin suna kan SECAM, tsarin Faransa. Amurka da Japan kuma NTSC.

Me wannan ke nufi gare ka? Fim ɗin Kano PAL ne. Amma kaset ɗin da aka naɗa daga Télé Sahel, misali kokowar takobi da aka fara tun 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, to SECAM ne. In ka sa shi a bidiyon da PAL kaɗai ya sani, hoto zai fito fari da baƙi. Sai ka ji mutum ya ce kaset ya lalace, ya jefar. Wallahi lafiyarsa lau, harshe ne bai zo ɗaya ba. Har cikin SECAM ɗin ma kashi biyu ne wajen naɗi, na Faransa da wanda ake rubuta wa MESECAM, kuma su ma ba sa ba juna launi. Don haka kada ka yanke wa kaset hukunci sai ka gwada shi a bidiyo biyu ko uku.

Wanda ya fi daraja a wajenmu shi ne mai jin harsuna da yawa, wanda aka rubuta PAL, SECAM da NTSC a goshinsa. Irinsu da dama alhazai da fatake ne suka shigo da su daga Saudiyya da Dubai. In kana da irin wannan a sito, ko ba ya tashi, kada ka sallama.

Kafin ka saya, ko kafin ka jona wuta

Ɗan kasuwa, ba a cinikin biri a sama. Ga abin da za ka duba.

Na farko, juya bayansa ka karanta ƙarfin wutar da yake ci. Wutarmu, nan da Nijeriya duka, volt 220 ce zuwa 230. In ka ga 120V, na Amurka ne. In ka ga 100V, na cikin gidan Japan ne. Ka jona shi kai tsaye, sai hayaƙi. Irin waɗannan suna ɓuya cikin kayan gwanjo da ke zuwa ta Kwatano. Mai 110–240V shi ne ba ruwansa.

Na biyu, girgiza shi a hankali ka sansana. Ƙarar wani abu yana yawo a ciki, ko warin ƙuna, ko warin fitsarin ɓera, duk alamu ne. Akwatin da ya shekara goma a sito, kyankyaso da tsaka sun mai da shi gidan haya.

Na uku, kuma wannan shi ne babba: kada ka taɓa gwada tsohon bidiyo da kaset ɗin da kake ji da shi. Nemi wanda ko ya tsinke ba ka da asara. Tura shi, kunna, kai gaba, dawo da baya, tsayar, fitar. Sannan ka ɗaga murfin kaset ka duba zaren. In ya fito a miƙe sumul, madalla. In ya yamutse ko ya leƙo waje, bidiyon yana cin zare, sai an gyara.

Na huɗu, duba ramukan bayansa. Masu launin rawaya, fari da ja, su ne masu sauƙi, yawancin tele na yanzu ma suna karɓa. Na Faransa yana zuwa da wani dogon baki mai haƙora 21, Péritel, shi kuma sai ka nemi mahaɗinsa. In akwai rimot, ka haɗa da shi a ciniki, don wasu ba a iya daidaita hotonsu sai da shi.

Wajen ɗauko shi, fitar da kaset daga ciki tukuna, ka naɗe shi da bargo, ka sa a leda saboda ƙura. Kada a ɗora masa buhu, kada a bar shi a rana saman mota.

Cututtukansa da maganinsu

Na zauna da wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa, wanda ya yi wannan aiki tun ban zo duniya ba. Na ce, Baba, me ke kashe su? Ya ce yawancinsu ba mutuwa suka yi ba, zama ne ya gurgunta su. Ga abin da na koya.

Murya tana fita tas amma hoto ya zama yayyafi kamar ƙura: hed ne ya yi datti. Ka tuna mun ce murya da hoto kowa da kansa. A cire wuta, a buɗe murfi, a sami farar takarda mai tsabta, a ɗiga mata alkol mai ƙarfi na kantin magani. A manna takardar a gefen ƙarfen da ɗan yatsa, a hankali, hannu ya tsaya cak, ɗaya hannun ya juya ƙarfen ta sama. Za ka ga baƙi ya fito a takarda. A bari ya bushe sarai kafin a sa kaset. Kada a goga sama da ƙasa, kuma kada a yi amfani da auduga.

Wannan na ƙarshe da kaina na koye shi. Bara na ɗauko bidiyon gidanmu don in ga kaset ɗin sunana. Na naɗa auduga a tsinken ashana, na goga sama da ƙasa kamar mai wanke kwano. Zaren auduga ya maƙale ɗan bakin ya ɓalle shi. Bidiyon da datti kawai ke damunsa, na mai da shi makaho. Sai da Baba ya ciro hed daga wani matacce irinsa, bayan wata biyu ana nema. Kun ga amfanin matattun da ke sito ke nan.

Yana cin zare, ko ya ƙi dawowa baya: bel ne, wato igiyoyin roba da ke juya ƙafafun ciki, ko ƴar tayar da ke tura kaset. Zafi da shekaru suna sa roba ta saki, wata ma ta narke ta zama kamar kwalta. A goge wurin da alkol, a sa wata daidai girmanta. Yankakken tub na keke ba ya daɗewa, kuma yana sa gudu ya ƙi daidaita.

Murya tana rawa kamar mai jin sanyi: akwai wata ƴar baƙar tayar roba da ke matse zare, ta bushe ta yi santsi. A goge ta, in ta tsage a canza.

Layi-layi a hoto: sau da yawa ba cuta ba ce. Nemi maɓallin da aka rubuta wa TRACKING ka murɗa har hoto ya zauna.

Ya karɓi kaset ya tofo, ko ya rikice: tsohon giris ne ya daskare, ko wani ɗan makunni da ke gaya wa na'ura inda ta tsaya ya yi datti. A nan fa ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai, ban da fetur. Man gyaɗa yana kama ƙura ya zama danƙo. Sannan in an buɗe murfi, kada a gwada shi a tsakar rana, domin akwai ƴan idanu a ciki masu gane ƙarshen zare da haske. Rana ta haska su, sai ya tsaya, ka zaci lalacewa ce.

Ya ƙi tashi sam: yawanci ɓangaren wuta ne, ƴan gwangwanayen nan masu ajiye caji sun kumbura ko sun zubo. Jama'a, wannan ba aikinka ba ne. Babban cikinsu yana iya riƙe fiye da volt 300 bayan an cire wuta. Kai wa mai gyara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ƙarin abu biyu. Da damina, ko da sanyin asuba, raɓa tana kwanciya a jikin hed, zare ya manne ya tsinke. Kunna shi babu kaset ya yi awa guda ya ɗumama. Kuma wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka tana ƙona shi. Ba ya cin wuta da yawa, sola mai inbata tana ɗaukarsa, ita ta fi kwanciyar hankali.

Kaset shi ne dukiyar

Bidiyo in ya mutu ana iya samun wani. Kaset ɗin bikin mahaifiyarka guda ɗaya ne a duniya. Maƙiyansa huɗu: zafi, laima, ƙura da maganaɗisu. Shagon kwano a watan bazara tanda ne. Saman lasifika kuma akwai maganaɗisu mai iya ɓata naɗi. Ajiye shi a tsaye kamar littafi, cikin kwalinsa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa saboda gara da ruwa. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano. Kai da ke tashi da garke, gara ka bar shi a gari wajen amintacce da ka riƙa yawo da shi a bayan jaki.

Leƙa ta tagar kaset. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce. Kada ka sa shi a bidiyo mai kyau, zai toshe hed kuma ya shafa wa sauran kaset, kamar dabba mai ciwo a mashaya. Ware shi, kada ka shaƙa, ka kai wa mai gyara ya share shi a fili. In kwanson ne ya fashe, ana kwance kusoshi a mai da zaren cikin wani kwanso. In zare ya tsinke ana haɗawa, amma ban da gam.

A gefen kaset, ta wajen da ake manna suna, akwai ɗan harshen roba. Ɓalle shi. In babu shi, ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge komai ba.

Wasu kuma ƙananan kaset ne na kyamarar biki. In an rubuta VHS-C, akwai wani kwanso da ake sa shi ciki ya shiga babban bidiyo. In an rubuta Video8 ko Hi8, babu kwanson da zai sa ya shiga, sai kyamara irin tasa. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shi, kuɗinka yake so.

Juye shi tun da sauran lokaci

Ko an adana shi da kyau, zare yana tsufa. Kaset ɗin 1995 ya ba shekara talatin baya ko yana dab da haka. Mafita ita ce a juye shi. Akwai ƴar na'ura da ake jona wa wayoyin nan rawaya, fari da ja, ɗaya bakin ya shiga kwamfuta. A tabbata tana jin PAL ko SECAM, gwargwadon kaset ɗinka. Aikin ba ya gaggawa: kaset mai awa uku, awa uku zai ci. Wanda ya ce zai juye maka bakwai kafin ka sha shayi, ka bincika.

In an gama, ka kalla daga farko har ƙarshe kafin ka biya. Ka ajiye a wuri biyu, domin memori ma yana mutuwa, salula tana faɗawa rijiya. Kuma ka karɓi kaset ɗinka, kada ka jefar.

Ga matasa, wannan sana'a ce. Bidiyo ɗaya mai lafiya da tsohuwar kwamfuta a kasuwar mako, za ka ga masu zuwa. Sai dai amana ce. Bikin mutane akwai matansu da ƴaƴansu a ciki, ba naka ba ne da za ka watsa a TikTok ko WhatsApp. Finafinai kuma suna da masu su, juye su don sayarwa cin haƙƙi ne.

Masu tarawa da masu ruɗi

Akwai masu tara tsofaffin bidiyo don sha'awa, musamman a Turai da Amurka. Abin da suke nema shi ne na farko-farko masu buɗewa ta sama, da Betamax, da S-VHS da ya fito a 1987, musamman in yana da rimot da takardarsa. In naka irin wannan ne, kada ka fente shi, kada ka kankare lambarsa, ka ɗauki hoton gaba da baya ka tambaya kafin ka yanke kuɗi. Amma kada ka sa rai da dukiya. Yawancin na hannunmu na gama-gari ne, darajarsu a aikin da za su yi mana take.

Sannan a yi hattara da masu yawo suna cewa akwai jan makuri a cikin tsofaffin na'urori, wai ana saye da miliyoyi. Babu wannan abu. A 2009 an yi irin wannan ruɗani a Saudiyya a kan tsohon keken ɗinki na Singer, mutane suka yi ta rububi, ba a sami komai ba. Ka fasa bidiyonka, abin da za ka gani roba ce da waya da ƙarfe.

To Alhaji na Ƙonni, amsarka ke nan. Kai ukun nan wajen mai gyara. Sau da yawa cikin uku ana tayar da ɗaya, sauran su zama kayan gyara. Kai kuma ɗan uwa na Dakoro, ɓalle harsunan kaset ɗin nan bakwai, duba fumfuna, ka ajiye su a inuwa, kada ka bari a gwada su a bidiyon da ba a tabbatar da lafiyarsa ba.

Ni dai da na Baba ya tashi, na ga ranar sunana. Na ga kakana da ban tashi na sani ba, yana zaune a tabarma yana rabon goro, na ji muryarsa yana addu'a. Mahaifiyata ta kasa ƙarasa kallo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk mai bidiyo mai lafiya, ko mai gyaran da ya san aikin, ya aiko mana da sunan garinsa da ranar kasuwarsu, za mu faɗa a shiri don masu nema su san inda za su dosa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare garke, ya sa a ketare iyaka lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.